Darasi Daga Uwar 'Yan Taru

'Yar'uwa, da an ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ilminta ake fara tunawa. Ɗalibaina a nan Ikara ma iyakarsu ke nan. Amma fa uwa ce mai 'ya'ya da jikoki. Ɗanta Abdulƙadir ne ya gaji mahaifinsa Giɗaɗo a wazircin Sakkwato.

'Yan Taru kan zo mata karatu daga ƙauyuka, jaji na gaba sanye da malfa, suna ɗauke da hatsi, zuma da man shanu. Ba ajiyewa take yi ba, mabukata ake raba wa.

To ke fa, da masara ta shigo gida bana, kin auna wa marayun maƙwabta ko tiya guda? Allah Ya jiƙan Nana.