Yadda Ake Nemo Kishiyar Matiriks, Har a Lissafin Modulo

Ƙanena mai shirin jarrabawar WASSCE, matiriks na jiranka a lissafin zaɓi, modulo kuma a lissafin dole. Bari mu haɗa su wuri ɗaya.

Kishiyar matiriks ita ce wadda in ka ninka su tare, 1 ta hau gurbin farko na sama da na ƙarshe na ƙasa, 0 ta cike sauran. Misalinmu: layin sama 5, 3, layin ƙasa 2, 3.

1. Nemi ditaminan. (5×3) − (3×2) = 9. In ya ba ka 0, ajiye biro: ba kowace matiriks ke da kishiya ba.

2. Sauya gurabe. 5 da 3 ta ƙarshe su yi musanya, sauran biyun su sauya alama: sama 3, −3, ƙasa −2, 5.

3. Raba kowace lamba da 9. A lissafin yau da kullum, shi ke nan.

Modulo kuwa lissafin agogo ne: ƙarfe 10 da awa 5, ƙarfe 3 ke nan. A nan babu rabawa, sai ninki. Mu ɗauki modulo 26, adadin haruffan Turanci, wanda Lester Hill, Ba'amurke, ya gina hanyarsa ta ɓoye saƙo a kai a 1929.

4. Duba sharaɗi. Kada wata lamba ban da 1 ta raba ditaminan da 26 duka biyu. Tunda 26 = 2×13, duk ditaminan da 2 ko 13 ta raba ya faɗi. Nan ɗalibai kan zame: 4 ba sifiri ba ce, amma komai ka ninka ta da shi ba za ta bar saura 1 ba.

5. Nemi abokin 9, wato lambar da in ka ninka 9 da ita za ta bar saura 1. 9×3 = 27, a cire 26, saura 1. Abokin 9 shi ne 3.

6. Ninka amsar mataki na 2 da abokin nan, 3: 9, −9, −6, 15. Ƙara 26 kan masu alamar ragi: sama 9, 17; ƙasa 20, 15.

7. Gwada. (5×9) + (3×20) = 105, cire 104, saura 1. (5×17) + (3×15) = 130, wato 26 sau 5, saura 0.

Layin ƙasa na bar maka. In bai ba ka 0 da 1 ba, koma mataki na 2, galibi a can alamar ragi kan ɓace.