Darasin Mako: Bincike Kafin Damƙa Amanar Yara

Idan za mu ɗauki malamin Islamiyya, mai gadi ko ɗan acaɓa mai kai yara makaranta, "ai ɗan garinmu ne" bai isa shaida ba.

A watan Nuwamba 2019 aka buɗe rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a intanet, ƙarƙashin hukumar NAPTIP. Da waya ma ana dubawa, a ga sunayen waɗanda kotu ta yanke wa hukunci. Jihar Legas tana da tata tun 2014.

Amma a kiyaye abu biyu. Na farko, suna yakan zo ɗaya. Kada a ɓata sunan bawan Allah kafin a tabbatar, ƙazafi babban zunubi ne. Na biyu, rashin ganin suna ba ya wanke mutum, don a ƙauyuka da yawa a zaure ake kashe maganar, ba ta kai kotu. Saboda haka a kira mai unguwarsu da limamin garinsu a tambaya.

In an ga abin zargi, a kai wa hukuma, ban da ɗaukar doka a hannu.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.