Ƙurajen Balaga: Maganinsu da Tasirinsu ga Ɗalibi

1.0 Gabatarwa

Ƙurji shi ne tilo, ƙuraje kuwa jam'i. Idan Bahaushe ya ce "ƙurajen balaga", yana nufin waɗanda kan feso a fuska da ƙirji da gadon baya yayin da yaro ko yarinya suka fara tasawa. Sunan ya nuna lokacin da suka fi yawa, wato shekarun karatun sakandare. Don haka ya zama wajibi malami ya san su.

2.0 Musabbabi

A lokacin balaga sinadarin androjin kan ƙaru a jiki, sai fata ta riƙa fitar da maiƙo fiye da kima. Maiƙon kan haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofofin gashi. A nan ne ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes takan hayayyafa, wurin ya kumbura. Gado ma yana da hannu. Ba ƙazanta ke kawo su ba, kuma ba a ɗaukar su daga wani.

3.0 Magani

(a) A wanke fuska sau 2 a rana da sabulu mai laushi, ba tare da dirza ba.

(b) Magungunan shafawa irin su benzoyil feroksayid da adafalin suna aiki, amma sukan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin a ga sauyi.

(c) Idan ƙurajen sun yi tsanani, likita ne zai rubuta maganin sha. Ɗaya daga ciki, aisotiretinoyin, yana nakasa ɗan tayi, don haka ba a ba mai juna biyu.

(d) A guji man bilicin mai ɗauke da sitiroyid, domin shi kansa yana haddasa ƙuraje.

4.0 Tasiri

Matsa ƙurji kan bar rami ko baƙin tabo, wanda yakan daɗe a baƙar fata. Tabon zuci kuwa ya fi wannan zurfi. Ɗalibar da aka laƙaba wa suna saboda fuskarta takan koma bayan aji, ta daina ɗaga hannu, wani lokaci ma ta daina zuwa makaranta. Kunya da raina kai kan iya kai wa ga ciwon damuwa.

5.0 Kammalawa

Malami ba likita ba ne, amma aikinsa ne ya hana zolaya a aji, ya kwantar wa ɗalibi hankali a keɓe, ya kuma shawarci iyaye su kai shi asibiti.

Auna Fahimta

1. Bayyana yadda ƙurajen balaga suke samuwa.
2. Wane mataki malami zai ɗauka idan ana zolayar ɗalibi saboda ƙuraje?