Makullin da Aka Ƙera da Haske

'Ya'yana, in kun shiga kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu, ku lura da dattijon da aka ƙirga wa kuɗin bijimi. Kafin ya cusa 'yar dubu a aljihu sai ya ɗaga ta saitin rana. Nan hoton da ke ɓoye cikin takardar zai fito, ga siririn zare ya ratsa ta daga sama har ƙasa. Ya ɗan karkata ta, wani tambari ya sauya launi kusa da fuskokin Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong. Injin kwafi ba ya iya kwaikwayon wannan, domin shi launi kawai yake ɗauka, bai san yadda haske ke karyewa cikin tawadar ba.

Abin da dattijon nan yake yi da ido, ilimi ne mai zurfi, kuma ina so waninku ya bi shi har tushe. Kada ku ce ba namu ba ne. Ibnul Haisam, a birnin Alƙahira, shi ya rubuta Kitabul Manazir shekara dubu da suka wuce, ya nuna cewa haske ne ke shigowa ido. Daga baya Dennis Gabor ya ƙirƙiro hologiram, wato hoto mai tudu da zurfi da ake ƙerawa da haske, a 1947, ya samu kyautar Nobel a 1971.

A 1995 Philippe Réfrégier da Bahram Javidi suka fito da hanyar kulle hoto da haske kansa. Ana haska hoton da hasken leza, a ratsar da shi ta faranti biyu masu hargitsa tafiyar haske, da gilasan tattara haske a tsakani. Abin da zai fito a ɗaya gefen ba fuska ba rubutu, sai ɗige-ɗige kamar an watsa tsaki a tabarma. Wanda ke riƙe da mabuɗin, wato tsarin farantin, shi kaɗai zai mayar da hasken baya hoton ya dawo daram.

Me ya sa na damu? Ku tuna da hoton ƙirji da ake ɗaukar marar lafiya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko hoton yatsa da fuska da kuka bayar lokacin rajistar katin ɗan ƙasa. Duk amana ce, sirrin mutum ne, irin abin da ake son kullewa da wannan makulli. Don Allah ku daina tura irin waɗannan hotuna ta waya ga duk wanda ya nema.

Kuma aikin makullin hasken bai ƙare ba. Bayan kamar shekara goma masu bincike suka nuna ana iya gano mabuɗin idan aka daɗe ana amfani da guda ɗaya, tun daga nan ake ta gyara. Yaron Gwaram ko yarinyar Bamaina da ke jin daɗin lissafi da fiziks, ku riƙe darasin madubi da gilashi da kyau tun daga sakandare. Dutse da Kano ba su da nisa, kuma akwai sashen fiziks a jami'o'insu. Allah Ya yi muku albarka.