Darasi: Allon da Ake Kafawa a Bakin Fili

'Yan'uwa matasa, musamman masu shirin zama a Faris ko Liyon, mu lura da wannan. A Faransa ba a tayar da gini sai da izinin magajin gari. In izini ya fito, tilas mai gini ya kafa allo a bakin filin. Yawancinmu wucewa muke yi ba mu karanta ba, alhali daga ranar da aka kafa shi wata 2 ne kawai maƙwabci ke da shi ya kai ƙara kotu. Sai kuma ya nuna yadda ginin zai cuce shi a gidansa, ya sanar da mai ginin da magajin gari cikin kwana 15.

Mutanen Liyon sun san amfanin wannan ƙofa. Da ƙararraki maƙwabta suka ja wa Babban Masallacin garin jinkirin shekaru, sai 1994 aka buɗe shi.

Amma a ganinmu magana ta fi tasiri tun ana tsara taswirar gari, kamar yadda aka yi a Faris a farkon 2024. A lokacin ana ajiye littafin jin ra'ayi, kowa ya rubuta nasa, ɗan ƙasa da baƙo.