Rumbun Jama'a da Hukuncin Bashin Hatsi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da rumbuna suka ƙone ƙurmus, dabbobi suka mutu, magidanta suka bar ƙauyukansu. Tun daga waɗannan shekaru aka yawaita kafa rumbunan jama'a a karkara, musamman a ƙasar Nijar, inda manoma kan haɗa kai su sayi gero da kaka yana araha, su ajiye shi har tsakiyar damina, sa'ad da abinci ke yanke wa talaka.

Wannan tanadi yana da asali a addini. A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yusufu (A.S.) ya umurci mutanen Masar su yi noma shekara bakwai, su bar hatsin a zangarniyarsa, sai kaɗan da za su ci. Manomin da ke ɗaure damin gero ya zuba a rumbu ba tare da ya sussuke ba ya san amfanin wannan, don hatsi ya fi daɗewa a haka. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito yabon da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa Ash'ariyawa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi guda, su raba daidai da ƙwarya ɗaya.

To, amma inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen fitar da hatsin. Wasu shugabannin ƙungiya sukan ba mutum tiya goma da damina, su sharɗanta ya mayar da goma sha biyu da kaka, wai ƙarin na gyaran rumbu ne da ladan mai gadi. Niyyar tana da kyau, amma wannan riba ce, ko da kuwa jama'a ce ke ci ba ɗan kasuwa ba. Wanda ya ranci tiya goma, tiya goma zai mayar, ko farashi ya hau ko ya faɗi.

Ina ƙungiya za ta sami abin biyan ɗawainiyarta ke nan? Ta hanyar ciniki. Halal ne ta sayar wa 'ya'yanta hatsin da kuɗi, ƙasa da farashin kasuwa, sama da yadda ta saya. Halal ne kuma ta sayar bashi, a yanka farashi, a ambaci ranar biya. Sai dai a kula, a mazhabar Imamu Malik ba a karɓar hatsi a madadin kuɗin hatsin da aka sayar bashi, domin zai koma musayar abinci da abinci da jinkiri. Manomi ya kai amfaninsa kasuwa, ya sayar wa wani, ya kawo wa ma'aji kuɗin.

Allah shi ne Masani.