Darasi: Me Ya Sa Wanda Ya Bar Ibada Yake Bikin Kirsimeti?

Karatu: Luka 2:8-20

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi akwai waɗanda suka daɗe ba su taka ƙofar coci ba, wasu ma sun bar addu'a ɗungum. Amma ranar 25 ga Disamba sai ga shi sun yanka akuya, sun ɗinka wa yara sababbin tufafi.

Hutun gwamnati dalili ne, amma zumunci ya fi shi nauyi. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura a 1929, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna nesa da danginsu, wannan rana kuwa ta zama ta tunawa da gida. Mutum yakan saki bangaskiya, amma da wuya ya saki al'adar da uwarsa ta rene shi da ita.

Kada mu raina su. Makiyayan jeji mala'ika ya fara kai wa bisharar, ba firistocin haikali ba.

Tambaya: A cikin danginka, wa za ka gayyata ku je Masa tare kafin a zauna cin abinci?